Birki a Gangare

Lamorde, Mubi
Farkon damina

Hamma,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya karatu, ya zafin Koniya da ka ce ya fara? Surukarka Dada tana gaishe ka, Baffa Gabdo ma haka. Ni jiki da sauƙi. Ɗinkin ya kame, ina iya zuwa bakin zaure in dawo ba wanda ya riƙe ni.

Na koma rubuta maka a takarda ina ɗaukar hoto ina turawa, kamar lokacin da kake nemana. Kada ka ce littattafai ne suka ɓata ni. In ka kira waya, Dada tana zaune a tabarma, Goggo Adi tana tsintar shinkafa a gefena, kai kuma kana can Turkiyya kana rage murya kamar suna kallonka. Mu gaisa, ka tambayi ruwa, in ce an yi, shi ke nan.

Har yanzu ana yi mini wankan jego. Na ce wa Dada tunda babu jaririyar a bari mana, ta ce jiki bai san an rasa ba. Safe da yamma tana tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen dogon-yaro ta yi ta fyaɗa mini a baya. Da ina jin mata suna cewa zafin ya fi naƙuda. Ni ina ganin tururi, ina ganin fatata ta yi ja, amma ba na jin komai. Kunun kanwa ma ina sha. Nono ya zo, an ɗaure mini ƙirji da zane.

Littattafan da ka saya mini kafin ka tafi suna ƙarƙashin filo. In buɗe in karanta shafi, in sake karanta shi. A cikinsu macen da ta rasa ɗa takan yi kuka har ta suma, a yayyafa mata ruwa. Ni ban suma ba.

Abu ɗaya nake so. Ta yi kuka da ta fito, na ji da kunnena, kuma ta kai azahar. Baffa ya ce wadda ta yi kuka sai an sa mata suna kafin a yi mata salla, kuma kai ya kira a waya, ka faɗa masa sunan. Ina gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu aka kai ta. Na tambayi Dada sunan, ta tashi ta tafi duba tukunya. Goggo ta ce uwar 'yar fari ba ta irin wannan tambaya, ko tana raye ai ba zan kama sunanta ba, bare yanzu.

Ka rubuto mini shi.

Matarka,
Juwairiya

Koniya

Juwai,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗi da jiki ya yi sauƙi. Ki bi abin da Dada ta ce, ki kuma gaishe mini da ita da Baffa da Goggo da kyau. Ni lafiya lau, sai rana. Nan ba damina, ƙasa a bushe take har bakin duwatsu.

Bari in ba ki labari ko ya ɗauke miki hankali. Na sayi siketbod na lantarki. Katako ne dogo, bai kai tabarmar salla ba, da taya huɗu. A ƙarƙashinsa akwai batir da ƙananan injina biyu masu juya tayoyin baya da bel. Ana riƙe rimot a hannu: in ka tura da babban yatsa ya tafi, in ka ja baya ya kama birki. Wurin da nake koyon aiki yana da nisa da tashar bas, shi ya sa.

Na hannu ne. Wani ɗalibi ne ya gama zai koma ƙasarsu. Eric ya raka ni, abokin ɗakina ɗan Michika da kuka taɓa gaisawa. Duk hanya yana cewa in na karye shi fa ba zai ɗauke ni ba, bayansa na buhun masara ne, ba na dakon Bafulatani ba.

Ba a sayen irin wannan da ido kawai. Na kife shi na juya kowace taya da hannu ina sauraron boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, don mai yashi a ciki yana da wata ƙara. Na duba akwatin batir ko ya kumbura ko ruwa ya taɓa shiga. Na taka katakon a tsakiya ina neman tsaga. Sannan na sa mai shi ya hau ya zaga filin har caji ya fara sauka, in ga ko a hankali yake sauka ko faɗuwa yake. Bel ɗaya ya ci, taya ɗaya ta ɗan guntule. Sauran lafiya.

Ranar farko na faɗi a ciyawa, Eric ya yi dariya har ya zauna. Yanzu na iya. Ƙafar hagu a gaba, gwiwa a lanƙwashe, ido can nesa. Ba ya ƙara kamar babur, wani gunji ne siriri a tafin ƙafa. In kana kai ba ka tunanin komai sai tsakuwar da ke gabanka. Ga hotonsa nan.

Sauran maganar, Allah Ya sa mai ceto ce.

Ridwan

Lamorde

Hamma,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. An yi ruwa mai yawa, mayo, rafin nan namu, ya cika har masu wanki sun hauro tudu.

Na karanta wasiƙarka, na yi ta jan fuskar wayar ƙasa ko akwai saura. Na nuna wa Dada hoton. Ta daɗe tana kallo, ta ce wannan ai benci ne da aka cire wa ƙafa, ta tambaya ina ake riƙewa. Na ce ba a riƙe komai. Ta ce Allah Ya tsare.

Victoria, maƙwabciyarmu ta Nassarawo, ta zo da ɗanyar masara. Ta ce tana buɗe ɗakinmu yana shan iska, kuma silin ya fara ɗiga ta wajen taga, ta ja akwatunana gefe. Kayan jariran da na jera a kan gado ta kwashe ta ƙulle a zane, ta ce in yafe mata in ta yi karambani. Tana shirin tafiya ta riƙe hannuna ta ce, “Yaya ma sunan bebi? Ina so in sa ta a addu'a.” Goggo ta yi tari. Na ce mata ban sani ba. Ta kalle ni, ta kalli Goggo, ta gyara ɗankwali ta ce za ta sa ta haka nan.

Na yi ƙoƙarin zaɓa mata da kaina. Da rana in kwanta in bi sunayen da ke cikin littattafaina ɗaya ɗaya, in gwada su a kan fuskar da na gani sau ɗaya. Ba wanda ya zauna. Tana da nata, an kira ta da shi a kunne, an binne ta da shi. Kai ka sani, Baffa ya sani, liman ya sani. Ni da na ɗauke ta a ciki ce kaɗai bare.

Ba na iya fuskantar Baffa da wannan. Kai nake tambaya.

Juwairiya

Koniya

Juwai,

Ina gaisuwa. Ina fata ruwan bai yi ɓarna ba. Ki yi wa Victoria godiya, zan sa a duba silin.

Jarrabawa ta matso, ga aiki, shi ya sa na jinkirta. Katakon ma ya ba ni aiki. Tsakuwa ta shiga tsakanin bel da haƙoran taya ta tsinke shi, sai da na jira sabo. Na kwance tayoyin duka, na wanke boris, na ɗiga musu mai, na goge ƙura da tsohon burushin haƙori. Notuna suna kwancewa da girgiza, duk safiya sai na bi su da ɗan makulli. Ruwa ne babban abokin gabansa, da a Mubi nake da sai dai in rataye shi har kaka. In kuma za a ajiye shi ba a hawa, ba a barin batirin a cike, ba a barinsa fanko. A rabi ake barinsa, a riƙa leƙawa.

Akwai abin da mai shi ya gaya mini yana miƙa mini caja, har ya maimaita. Birkinsa ba irin na keke ba ne. In ka ja, injin ne ke riƙe taya, ƙarfin ya koma cikin batir. To in batirin a cike yake fal, babu inda ƙarfin zai shiga, sai birki ya saki. Gidanmu kuwa a kan tudu yake, daga ƙofa gangare ne har shataletale. Shi ya sa ba na barinsa ya cika. In ya cika bisa kuskure, sai in haura sama da shi tukuna ya rage, sannan in juyo. Kada ki damu, ba na mantawa, kuma ina sa hular kwano.

Abin da kika tambaya, ki bari sai na dawo.

Ridwan

Lamorde

Hamma,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya.

Sai ka dawo, wato baɗi.

Arba'in ta matso. Jiya Baffa ya aiko Goggo ta tambaye ni kayan da zan buƙata na komawa ɗakina, wai 'yan'uwanka sun fara maganar ranar da za su zo ɗaukata. Na ce mata ban shirya ba. Ta ce ba a shiri, tashi ake.

Na karanta duk abin da ka rubuta a kan katakon. Yanzu na san boris, na san bel, na san abin da ake yi wa batir in za a ajiye shi. Ka san sunan kowane ƙarfe da ke jikinsa, kana bin su kullum da makulli kada ɗaya ya ɓace. Na ƙirga layin da ka ba shi da layin da ka ba ta, sai na daina, don ba a ƙirga layi ɗaya.

Ba fushi nake ba. Da fushi ne da na ji daɗi, ko ba komai wani abu ne. Ina zaune ne kawai, a kira ni wanka in tashi, a miƙo kunu in sha. Amma ba zan koma ɗakin nan in kwanta kusa da ƙullin kayanta ba alhali ban san kayan wa ba ne. In ba za ka rubuto ba, ka gaya mini, in ce wa Baffa ya aika Nassarawo a kwaso akwatunana. Ba sai an yi hayaniya ba.

Juwairiya

Lamorde

Hamma,

Sallama. Ina fata lafiya.

Wasiƙata ta nuna ka buɗe ta. Tun ranar wayarka a kashe. Na gane.

Na yi niyyar yi wa Baffa magana jiya, sai na tarar da baƙi a zaure. Zan jira a gama wankan.

Juwairiya

Koniya

Madam Juwairiya,

Sannu da gida. Ni ne Eric Zira, abokin ɗakin maigidanki. Ki yi haƙuri da Hausa na, na kasuwa ne. Ina gaida Mama da Baba.

Kar ki tsorata, yana da rai, yana cin abinci, har yana zagi na. Ya faɗi da wannan katako. Hannun dama ya karye a wuya, sun sa mishi siminti. Tafin hagu ya saɓule, an naɗe. An ɗinke haɓa. Wayan shi yana aljihun gaba, ya murƙushe. Sai yau na samu na sa layin shi a waya na, na ga lamban ki, na kuma ga kin rubuto.

Ya ce in rubuta miki haka: yana lafiya, ƙaramin abu ne, ki gaida Dada, kar a gaya wa Baffa. Na rubuta. Sauran nawa ne, bai san ina yi ba.

Ran Asabar da safe muna shan shayi wasiƙan ki ya shigo. Ya karanta, ya ajiye kofi, ya sa waya a aljihu. Katako yana jikin caja tun jiya, ya manta bai cire ba, wutan ya zama kore. Ya fizge igiya ya ɗauka. Na ce mishi, “Malam, ya cika fa.” Mutumin da ya dame ni da wannan wa'azi har na haddace. Bai ji ni ba. Hula ma ni na jefa mishi a matakala, Allah Ya sa ya cafe. Ina taga na ga ya juya hanci ƙasa. A tsakiyan gangare na ga yana jan rimot, yana ja, katako yana ƙara gudu. Kafin shataletale ya zubar da kanshi a gefen hanya don kar ya shiga motoci. Na ce ba zan ɗauke shi ba in ya karye, to ni na ɗauke shi.

Madam, ni ban san abin da kika rubuta ba, ban karanta ba. Amma bari in gaya miki abin da ido na ya gani. Tun ranar da aka kira shi daga Mubi bai yi kuka ba, bai yi magana ba. Bayan sati ya ce in raka shi sayen katako. Ya ce miki na zuwa aiki ne, gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. In ya tashi aiki ba ya dawowa. Yana bin hanyan bayan gari har batir ya mutu, sannan ya dawo a ƙafa. Abin yana da nauyi, mutane suna jan shi ta hanci kamar akuya. Shi rungume shi yake a ƙirji da hannu biyu tun daga can. Ya shigo, ya kwantar da shi a kan tawul, ya zauna yana gogewa.

A asibiti na ce mishi in akwai abin da kike nema ya faɗa mini in rubuta, tunda ba shi da hannu. Ya juya fuska bango. Can ya ce, “Eric, ba zan iya sa shi a bakinka ba.” Ni ban gane wannan kunya naku ba, amma na ga yana cin shi.

In bandejin hagu ya fita zan ba shi waya na in fita waje.

Naki,
Eric

Koniya

Juwai,

Da yatsa ɗaya na hagu nake rubutu. Eric ya fita. Ki yi haƙuri da gajarta.

Kada a kwaso akwatunan.

Sunan Dada na ba ta. Tun kina da ciki na yi niyya in mace ce. Kin san tun da na fara zuwa ƙofar gidanku ban taɓa kama sunan nan ba. Da Baffa ya kira ma ban faɗa ba, cewa na yi a sa mata sunan mai ɗakin wansa, ya gane. Na so in ba Dada kyauta, sai ya zama na sa an kai sunanta kabari. Ban san yadda zan rubuta miki wannan ba, sai na rubuta miki bel da boris.

Har yau bai fita daga bakina ba ko sau ɗaya.

Dijatu. Sunanta Dijatu.

Zan sayar da katakon.

Ridwan

Lamorde

Hamma,

Assalamu alaikum. Ya hannun? Ya haɓar? Allah Ya ba da lafiya. Ban gaya wa Baffa ba. Dada ta sani, ta ce a gaya maka ka riƙa shan romon ƙashi, in ana samu a can. Ka yi wa Eric godiya, ka ce Hausarsa ta isar.

Wasiƙarka ta zo ana gobe wankan ƙarshe. Na karanta, na kife wayar, na ci tuwo. Na yi zaton zan yi irin na littafi, ban yi ba.

Da safe Dada ta kai ruwa bayan ɗaki, na zauna a kan turmi kamar kullum, na ba ta baya. Ta tsoma ganye ta fara. Ban shirya ba, sai na ji na faɗe shi, a hankali, ina kallon katanga. Ka san ni ma ban taɓa kama sunan nan ba tun da aka haife ni.

Ganyen ya tsaya. Na ji ruwa yana ɗiga daga jikinsa cikin tukunya.

Ta ce, “Ya gaya miki.”

Na ce e. Ta ce ita tun ranar Baffa ya sanar da ita a bakin zaure, da suka dawo daga kai ta. Ta ce ta so ta gaya mini ba sau ɗaya ba, amma ta rasa ta inda mutum zai kama sunan kansa ya ce shi aka binne.

“Ni tsohuwa ina nan ina hura wuta,” ta ce, “takwarata tana ƙasa.”

Daga nan ta sake tsoma ganyen ta ci gaba, don ruwa ba ya jira. Da ya sauka a bayana na ce mata da zafi. Ta ce kullum haka yake.

Jibi 'yan'uwanka za su zo. Na ce wa Goggo ta haɗa mini kaya. Victoria ta ce an gyara silin. Ƙullin zan sa shi a ƙasan akwati yadda ta ƙulle shi, ba zan kwance ba tukuna.

Maganar katakon, kada ka yanke da hannu a karye. Ka sa Eric ya bar batirin a rabi ya ajiye shi inda ruwa ba ya zuwa, kamar yadda ka koya mini. In ka warke ka ga sayarwar ce, to wanda zai saya ka gaya masa zancen birkin tun kafin ya taɓa rimot, ka maimaita masa, ka kai shi bakin gangaren ya gani da idonsa. In kuma ka ga za ka sake hawa, ka haura sama tukuna.

Goggo ta yi gaskiya a abu ɗaya, sunan ba ya zama a baki. Ba na jin zan sake kama shi. Amma yanzu na san abin da ba na faɗa.

Matarka,
Juwairiya